Sabbin Haƙoran Pak Darmaji

Shafi na 14

Masu cika min akwatin saƙo da "ina ci gaba, ina ci gaba", na gode da kulawa, ina nan da raina. Pak Darmaji ne ba mu da tabbas a kansa. Yana bayan wata ƙofa mai ruwan toka a asibitin birnin Solo na ƙasar Indonesiya, matarsa Bu Warsiti na kan benci a waje.

*

Sai da Bu Warsiti ta zauna ta lura har yanzu kwandalar na hannunta.

Tun daga gida take riƙe da ita. A motar maƙwabci tana riƙe da ita, kan mijinta na bisa cinyarta. A gaban teburin karɓar marasa lafiya ma tana riƙe da ita, lokacin da ta faɗi sunansa da shekarunsa ba tare da muryarta ta yi rawa ba. Tsohuwar kwandala ce da ta daina sayen komai tun 'yarta na goye. Aikinta ɗaya a gidan, kankare bayan duk wanda iskar damina ko ta fanka ta shiga jikinsa. Har yanzu da maiƙon man zafi a jikinta.

Ta jefa ta cikin jaka. Ta sake ciro ta.

Ba ta yi kuka ba. Ta leƙa cikin ranta kamar mai duba tukunya ko akwai saura, ta tarar an wanke an kife. Abin da kawai ya zo mata shi ne shinkafar da matan unguwa ke dafawa a bayan gidanta, ko wata za ta tuna ta rage wuta.

Ndari na gefenta, 'yarta tilo, amaryar jibi. A ƙa'ida ko bakin ƙofa bai kamata ta leƙa ba a wannan makon. Ga ta a asibiti da rigar zaman gida da silifas ɗin babanta.

"Ibu, ki sha ruwa," ta ce wa uwar.

"Na sha."

"Ba ki sha ba."

"To, na kusa."

Ƙofar ta buɗe. Likita ce, yarinya, da shuɗiyar hula da takalman roba. Bu Warsiti ta dube ta sau ɗaya ta san irinta. Da a ajinta take, a layin gaba za ta zauna.

"Iyalan Pak Darmaji?"

"Ni ce matarsa."

"Ba ni da lokaci sosai, Bu, ki gafarce ni. Zoben da aka sa masa a jijiyar zuciya, yaushe ne?"

"Wata goma ke nan."

"Ya toshe. Jini ya daskare a cikinsa."

"An ce mana zoben na har abada ne."

"Zoben na nan lafiya lau. Hanyar da ke cikinsa ce ta rufe."

Bu Warsiti ta gyaɗa kai. Ta ji daɗi dai da zoben bai yi komai ba.

"Ƙwayoyin nan biyu na tsinka jini, yana sha?"

"Kullum. Da hannuna nake ba shi, tare da shayin safe."

"Bai taɓa tsallakewa ba? Ki tuna da kyau. Zoben nan baƙo ne a jiki. Kafin naman jijiya ya gama rufe shi, maganin ne kaɗai ke hana jini taruwa a kansa."

"Likita, shekara talatin na yi ina koyarwa a firamare. Yaro bai taɓa tsallake min aikin gida ban sani ba."

"Rauni fa? Ya faɗi, ko an yanka shi, ko an cire masa haƙori kwanan nan?"

"Babu."

"Ina tambaya ne don maganin da za mu ɗura masa yanzu mai ƙarfi ne. In akwai wata kafa a jikinsa, jini zai nemo ta."

"Babu, na ce."

Ndari ta sunkuya tana gyara silifas ɗin da ba abin da ya same shi.

Likitar ta juya, sai kuma ta tsaya. "Bayansa, ke kika kankare?"

"Ni ce."

"Yaushe ciwon ya fara?"

"Bayan asuba."

Likitar ta ɗaga kai ta dubi agogon bango. An daɗe da kiran azahar. Ta dubi Bu Warsiti, ta yi abin da ake koya musu a makaranta mai tsada, wato ba ta ce komai ba. Ƙofar ta rufe.

Bu Warsiti ta koma ta zauna. Wani mai shara ya zo ya goge ƙarƙashin bencin, suka ɗaga ƙafafu, suka sauke.

"Cewa ya yi ƙirjinsa ya yi nauyi," in ji ta, ba don an tambaye ta ba. "Gumi yake, yana gyatsa. Jiya ya wuni a ƙarƙashin yayyafi yana nuna wa masu kafa rumfa yadda ake kafa rumfa. Kowa ya ji ai iska zai ce."

"Haka ne, Ibu."

"Gida cike da mata. In na fita da shi a mota, kafin mu kai titi labari ya isa gidan surukanki. Na ce bari in kankare shi ya kwanta."

"Haka ne."

"Har na yi murna."

Ndari ta ɗago. "Murnar me?"

"Ja ya yi."

Tun da aka sa wa Pak Darmaji zoben nan, bayansa ya daina karɓar kwandala irin na mutane. Ja ɗaya za ta yi, wurin ya tashi baƙi ƙirin kamar an kama shi yana sata a kasuwa, ya yi mako bai washe ba. Likitan zuciya ya ce maganin ne, ya ce a daina. Suka ce to, Dokter, suka dawo gida suka ci gaba, sai dai da sassauci.

Yau kuwa layukan suka fito ja, siriri, tsaf-tsaf, jere kamar ƙashin kifi. Irin na da, lokacin da yake zuwa zance da keke.

"Na ce masa, Pak, ka ga ikon Allah, jininka ya koma na mutane. Ya yi min dariya da sabbin haƙoran nan nasa."



Ta dubi kwandalar. Ta juya ta, ta sake juya ta.

Wata goma baƙi. Yau ja.

Ba ta ji komai ba. Lissafi ne kawai ya fito, irin wanda take rubutawa a allo ta ja masa layi biyu a ƙasa.

"Nduk," ta kira Ndari, yadda ake kiran 'ya mace a wajensu.

"Na'am, Ibu."

"Babanki ba ya shan maganinsa."

"Ai ke kika ce wa likita..."

"Na san abin da na ce wa likita. Ke nake tambaya."

"Ni ina zan sani?"

"Dubo ni."

Ndari ba ta duba ba.

"Silifas ɗin nan ya gyaru, Nduk. Tun ɗazu ya gyaru. Dubo ni."

Ta ɗago. Idanunta sun kumbura, amma ba kumburin yau ba ne. Bu Warsiti ta yi mamakin yadda ta ɗauka duk kukan barin gida ne.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka kawo katin gayyata daga wurin bugawa."

"Ina yake kai ƙwayoyin? A tafin hannunsa nake sa masa."

"Yana fita da su wurin kurciyarsa."

"Kurciya yake ba?"

"A'a. A tukunyar barkonon da ke bakin rijiya yake turbuɗa su."

"Wannan da ya yi ganye shar?"

"Shi."

"Madalla. Ashe dai wani ya amfana."

"Ibu, don Allah..."

"Ci gaba. Me ya sa?"

Ndari ta matse hannuwanta a tsakanin gwiwoyi. Muryarta ta yi ƙasa har sai da uwar ta matso.

"Hotunan baiko. Kin tuna? Kowa na dariya, Bapak kaɗai ya damƙe baki kamar an kawo shi dole. Uwar angona Mas Bayu ta ɗaga hoton ta ce, wai ko babanki ba ya son haɗin ne? A gaban 'yan'uwanta ta faɗa. Na ce mata a'a, haƙoransa na gaba ne suka zube. Sai ta ce, ayya, ashe a garinku na Sragen babu masu gyara."

"Sai kika zo kika faɗa masa."

"Cewa kawai na yi, Bapak, ina so ka yi dariya ranar aurena."

"Cewa kawai."

"Na kai shi asibitin haƙori. Suka ce akwai ragowar saiwa uku da sai an tumɓuke kafin a ɗora sababbi. Da suka ji yana da zobe suka ajiye kayan aikinsu. Suka ce a bari shekara ta cika, a kuma zo da takarda daga likitan zuciya."

"Mutanen banza. Sun ƙi kashe shi."

"Saura wata biyu shekarar ta cika, Ibu. Biki kuma ba zai jira ba. Sai Bapak ya ce shi ya san wani a bayan kasuwa."

Bu Warsiti ma ta san shi. Kowa ya san shi. Shagonsa na da allo mai zanen baki buɗe, haƙora farare tas, babu fuska.

"Me ya ce?"

"Ya ce abu mai sauƙi. A daina maganin mako guda kafin a cire, kada jini ya ƙi tsayawa. Bayan an cire kuma a jira wurin ya warke."

"Ya warke?"

"Ɗaya bai warke ba. Yana ta tsatsa. Shi ya sa bai koma kan maganin ba."

"Ni kuma aka ce min ɗorawa kawai aka yi."

"Shi ya ce kada a faɗa miki. Ya ce in kika ji, sai kin tsayar da shi a gaban aji."

Ta tuna ranar da ya dawo da su. Ya tsaya a bakin madafa yana murmushi kamar mai tallar man goge baki. Ta ce masa, Pak, haƙoran sun girme ka da kyau, sai dai a nemo musu fuska. Kwana uku kunun shinkafa yake sha, ta ɗauka bai iya tuƙa sabuwar motar ba ne.

"Ya ce bayan biki zai ci gaba," in ji Ndari. "Ya ce zai riƙa shan bibbiyu har ya rama."

"Kamar azumi."

"Ibu, ki zage ni."

"Ba ni da lokaci."

Ta miƙe. Ƙafafunta suka kai ta bakin ƙofar ba tare da sun nemi shawararta ba. Babu mariƙi ta waje, sai wani maɓalli a bango. Ta danna. Wata murya ta fito daga ƙaramin akwati ta ce a yi haƙuri a jira. Ta ce magana ce da likita, ta gaggawa. Muryar ta ce kowa a nan maganarsa ta gaggawa ce, Bu, ana zuwa.

Ta sake dannawa. Shiru.

Tana tsaye a nan, yatsanta a kan maɓallin, ta ji ƙarar takalmin da ta sani tun tana amarya.

Budhe Sumirah ce, yayar Pak Darmaji. Ita ta haɗa ranar haihuwar ango da ta amarya ta fitar da ranar auren, ta kuma ce duk shekarar babu wata rana sai ita. Ta zo da zani ɗaure tsaf, gashi a naɗe, da kwanon abinci mai hawa uku. A rayuwarta ba ta taɓa zuwa wurin tashin hankali ba abinci ba.

"Ya jikin nasa?"

"Suna ciki, Mbakyu," in ji Bu Warsiti, yadda ake kiran yaya mace.

"Na ce miki tun jiya ki hana shi shiga ruwa. Ke kuma, Ndari, wa ya ce ki fito? Amarya a asibiti, da ƙafa a waje. Dubi fuskarki. Mai kwalliya za ta sha aiki."

"Budhe, Bapak..."

"Na sani. Ƙanena ne kafin ya zama babanki. Ni na yi masa wanka yana jariri, in ta kama ni zan zaɓa masa likkafani." Ta ajiye kwanon a kan benci, ta matso kusa da Bu Warsiti, ta rage murya yadda duk barandar za ta ji. "Warsiti, na yi abin da ya kamata."

"Me kika yi?"

"Na kira naib, mai ɗaura aure. Na ce kada ya kashe wayarsa yau, kada kuma ya yi nisa da littafin ɗaurin aure. Na kira gidan su Bayu, na ce ya kama hanya da baƙar hularsa da sadakin."

Ndari ta miƙe tsaye. "Don me?"

"Kada ki mayar da kanki yarinya. In dutse ya faɗo wa gida, aka yi rasuwa kafin jibi, shekara guda babu aure a cikinsa. Kin san haka. Sai dai a ɗaura kafin a fita da shi, yana kwance a tsakar ɗaki, ya shaida abinsa."

"Bapak bai mutu ba!"

"Wa ya ce ya mutu? Allah ya tashi kafaɗunsa, ya zauna ya ba da aurenki da bakinsa. Ni shiri na yi. Rumfa na nan, kujeru na nan, abinci na kan wuta. Jan ƙyallen sanar da rasuwa kawai za a kafa a bakin lungu. Kina so mu ce wa mutanen nan su jira shekara? Uwar yaron nan, ko wata uku ba za ta jira ba."

Bu Warsiti ta saurara. Ta nemi wurin da maganar ta karkace, ba ta samu ba. Kujeru ɗari uku ne, ko na biki ko na zaman makoki, kujera ba ta tambaya.

"Ni abin da ban gane ba," in ji Budhe Sumirah, tana buɗe hawa na farko na kwanon, "mutum da ƙarfensa a zuciya, da maganinsa, da mace mai ilimi a kansa. Ta ina abin ya shigo? Wannan akwai hannu. Na faɗa tun ranar da maƙwabcin nan ya ƙi ba mu filin ajiye motoci."

Ndari ta buɗe baki. "Budhe, ni ce na..."

"Nduk, zauna."

"Ibu..."

"Na ce zauna."

Muryar aji ce. Ndari ta zauna.

Budhe Sumirah ta dubi uwar, ta dubi 'yar. Shekara arba'in tana kama mutane da irin wannan kallon. "Ke ce me? Me kuke ɓoyewa?"

Bu Warsiti ta san inda maganar za ta je in ta fita daga bakin yarinyar. Kafin la'asar tana bayan gida wurin masu girki. Kafin magariba tana gidan surukai. Bayan shekara ashirin, duk inda Ndari ta shiga, wata za ta taɓa wata ta ce, ita ce wadda ta sayar da uba saboda hoto. Ta auna wannan. Ta auna nata, wanda dama yana nan, daga asuba zuwa azahar da kwandala a hannu. Ta ga wanda ya riga ya ɗauki buhu ɗaya, na biyu ba zai sauya masa tafiya ba.

Ƙofar ta buɗe.

Ba likitar ba ce. Ma'aikaciyar jinya ce, babba, hannunta ɗaya a bayanta.

Bu Warsiti ba ta jira ta yi magana ba.

"Ki faɗa wa likita na yi mata ƙarya. Ya daina shan maganin tun makonni. An cire masa haƙora uku a bayan kasuwa, ɗaya bai warke ba." Ta ja numfashi. "Ni na sa shi. Ni na kai shi."

Murfin kwanon ya faɗi ƙasa, ya yi ta juyawa a kan siminti har ya gaji.

"Warsiti!" in ji Budhe Sumirah. "Ke?"

Ba ta waiwaya ba.

Ma'aikaciyar ta dube ta, ba fushi, ba tausayi. "Mun gani, Bu. Mun gani lokacin da muke sa masa bututun numfashi."

Ta fito da hannun da ke bayanta. Wata 'yar leda ce, an rubuta sunansa a jiki. A ciki sabbin haƙoran Pak Darmaji ne, farare, jere tsaf, suna iyo a cikin jan ruwa. Ko a nan ba su daina murmushi ba.

Bu Warsiti ta karɓa. Hannu ɗaya kwandala, hannu ɗaya haƙora. Ta ga ba ta da hannun da za ta dafa bango.

"Yana da rai?"

"Likita na son magana da ke."

Ndari ta taso.

"Ita kaɗai," in ji ma'aikaciyar.

Bu Warsiti ta taka cikin sanyin ɗakin. Kafin ƙofar ta gama rufewa, ta ji Budhe Sumirah a bayanta tana danna lambobin waya, ɗaya bayan ɗaya.